Rabin Kwalkwalin Hafizu

Ana gab da la'asar aka ɗauke wuta. Firintar ta yi ɗan kuka ta tsaya cak, bakinta na kan kwalkwalin da take bugawa, daidai gira.

"Kai, mutanen nan," in ji Hafizu. Ya leƙa janareta, babu ko ɗigon mai. Ya ɗauki jarka, ya zura silifas. "Musaddiq, kar ka taɓa farantin nan. In ya motsa ko kaɗan, aikin ya tashi a banza."

"Na ji, Yaya."

"Ka ji, ka ji. Ran nan ma ai ka ji."

Musaddiq bai ɗago ba. Yana goge wani takobin roba da samfefa, farar ƙura ta rufe masa yatsu. Bai ga fitar yayan nasa ba. Bayan an idar da sallah wani mai keke ya shigo lungun yana haki, yana tambayar gidan mahauta. Tirela ce, a mararrabar Mile 3 nan Fatakwal, birki ya ƙwace mata, ta bi ta kan Hafizu. Har jarkar aka kawo, cike da mai, ko tsagewa ba ta yi ba.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Firintar ba irin ta takarda ba ce. Zaren roba take ci daga wani naɗi mai kama da gammo, ta narkar da shi, ta riƙa zuba shi layi bisa layi a kan faranti har abu ya tashi tsaye. Hafizu ne ya saye ta da kuɗin fawarsa, daga hannun wani ɗan jami'a da zai bar gari. Da safe yana mayanka tare da Baffa Hammadu, ƙanin mahaifinsu marigayi. Da rana kuma yana ɗan ɗakin zaure yana buga kayan jaruman fina-finai da na wasannin bidiyo: takubba, garkuwa, abin rufe fuska. 'Yan jami'a ke saye, su saka a wani taro da suke yi duk shekara, kowa da shigar jaruminsa. Musaddiq, tun da ya gama sakandare, shi ke goga da fenti, shi ke liƙa ƙananan fitilu da dalma, ya haɗa batir da makunni.

Wannan kwalkwalin ba na kowa ba ne. Hafizu ya buga wa kansa ne, karo na farko. Na wani jarumin wasan bidiyo, mai kan ƙarfe da tsagar ido ɗaya ja. Da tef ɗin tela Musaddiq ya auna masa kai, yana cewa zaren garin nan kaf ba zai isa ba. Hafizu ya rankwashe shi.

Firintar tana tuna inda ta tsaya. In wuta ta dawo za ta tambaya ko a ci gaba, muddin abin na nan manne a kan faranti. Wannan Musaddiq ya sani, kuma shi kaɗai yake iya tunani a kai a kwanakin zaman makoki. Mutane na zuwa, daga kasuwar Creek Road, daga mayanka, har daga Enugu. Suna cewa ya haƙuri, yana cewa da godiya. Inna Dije, mahaifiyarsu, na ciki ba ta magana. Nazifa, matar Hafizu, na ɗaki cikin takaba. Musaddiq ya jira kuka ya zo masa, bai zo ba. Ya ci abin da aka miƙo masa, ya yi sallah in an tashi. Idonsa na kan ƙofar ɗakin zauren.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka watse, ya tashi ya ɗauko jarkar. Ya durƙusa gaban janareta kenan sai ya ji muryar Baffa Hammadu a bayansa.

"Me za ka yi?"

"Aikin Yaya zan ƙarasa."

"Ajiye."

Ya ajiye. Baffa ya kira Malam Ubaidullahi, limamin masallacin unguwar, wanda bai riga ya saka takalmi ba. Malam ya tsaya bakin ƙofar ya daɗe yana kallon ɗakin: wayoyi, gwangwanayen fenti, fuskoki rataye a ƙusa.

"Duk wannan na marigayi ne?"

"Tare muke yi," in ji Musaddiq.

"Na sani, ɗana. Wa ya sayi na'urar?"

"Shi."

"Zaren fa?"

"Shi."

Malam ya gyaɗa kai. Ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce daga lokacin da rai ya fita, kayan mutum sun tashi daga nasa sun koma na magada, kuma babu mai ikon taɓawa sai an raba. Ya ce Nazifa na da ciki, kuma ba a raba gado sai an ga abin da Allah Ya sauke.

"In mace ce, za ta ɗauki nata, mahaifiyarku da matarsa su ɗauki nasu, abin da ya rage naka ne. In ka so na'urar a rabonka, ba mai hana ka. In namiji ne kuwa, ya tare ka. Ba ka da komai."

"To," in ji Musaddiq.

Baffa ya fito da sabon kwaɗo daga aljihu. Ashe tun safe ya saye shi.

"Baffa, bari in ƙulle zaren a leda. Yana shan danshi."

"Ko allura."

"Ba ɗauka zan yi ba. A garin nan gishiri ma narkewa yake a kwalba."

"Musaddiq." Baffa ya juyo, idonsa ja. "Dukiyar maraya ce. Ni zan tsaya gaban Allah a kanta, ba kai ba. Yadda ya bar ɗakin nan haka za a same shi."

Ya danna kwaɗon, ya ɗaura makullin a mazagin wandonsa.

Damina ta sauka. A Fatakwal ruwa ba ya tambayar kowa. Ya yi da safe, ya yi da rana, kwatoci su cika su shigo lungu, bango ya yi kore. Musaddiq ya karɓi wurin Hafizu a mayanka, domin gida na buƙatar wanda zai karɓa. Ya koyi saɓa cinya a kafaɗa ba tare da jini ya shiga masa kunne ba. Ya koyi tura baro zuwa Creek Road cikin taɓo. Hannunsa ya daina warin fenti.

Wayarsa ta yi ta ƙara a makonnin farko. 'Yan jami'a ne, suna tambayar kayansu. Ya ba ɗaya amsa, ya ce mai aikin ya rasu. Yaron ya turo hoton fuska mai hawaye, sannan ya tambaya ko takobin nasa ya kammala. Daga nan Musaddiq ya daina buɗewa. Taron ya zo ya wuce. Ya ga hotunan a wayar wani, mutane cikin sulke na roba suna dariya a gaban wani babban ɗaki.

Tagar ɗakin zauren tana da gilashi ɗaya da ya fashe a gefe. In ya dawo daga aiki yakan kara ido a wurin. Cikin duhun yana iya hango farin abu a kan faranti, haɓa da kumatu da tsagar ido, sama a buɗe kamar kwanon da ba murfi. Yakan duba ne kawai ko yana nan a tsaye. Yana nan. Sai ya wuce ciki ya yi wanka.

Cikin Nazifa ya fito. Matan gidan suka fara abin da suka saba. Wata ta ce cikin nan ya yi tsini, namiji ne. Wata ta ce dubi yadda hancinta ya buɗe, mace ce. An kai ta asibiti an yi hoto, ta ce kar a gaya mata. Musaddiq na jin su ta labule yana cin abinci. In an ce namiji, babu abin da ke motsi a jikinsa. In an ce mace, wani ɗan abu yakan motsa a ƙasan ƙirjinsa, ya tsaya da lomar a hannu. Ba ya son abin. Bai kuma san yadda zai hana shi ba.

A mayanka labari ya riga ya zagaya. Gimba, wanda suke tura baro tare, ba ya barin magana ta kwana.

"Oga mai roba! How far? An ce kullum sai ka sayo wa Anti gwanda don ta haifa maka mace."

Musaddiq ya ci gaba da wasa wuƙa.

"Ni dai in ni ne, azumi zan kama. Ka ga, in ta haifi mace, har janareta za ka samu."

"Gimba, rufe mana baki," in ji wani dattijo daga gindin tebur. "Kai da ko akuya ubanka bai bar maka ba."

"Ai shi ya sa nake taya wani fata, Baba."

Aka yi dariya. Musaddiq ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, ya miƙa wa mai ita.

Wata ranar Laraba da hantsi, Musaddiq na tsakiyar ɗaura nama, Baffa ya ɗaga waya, ya saurara, ya ce alhamdu lillahi sau da yawa. Ya juyo fuskarsa jiƙe.

"An sauka lafiya. Namiji."

"Masha Allah," in ji Musaddiq. Ya ƙarasa ƙullin. Ya tura baron zuwa Creek Road, ya sauke, ya dawo. A hanya ya lura cewa ɗan abin nan na ƙasan ƙirjinsa ya tafi, babu kuma abin da ya zo a madadinsa.

Aka sa wa yaro sunan ubansa. Inna Dije, da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ta ce a riƙa ce masa Magaji. Aka miƙa wa Musaddiq shi a cikin tawul. Jariri ne kamar kowane jariri, ja, mai naɗaɗɗen hannu. Ya riƙe shi gwargwadon yadda ya kamata, ya mayar.

Bayan suna da 'yan kwanaki aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Malam Ubaidullahi ya zauna, Baffa ya kwance makulli. Ƙofar ta kumbura, sai da aka sa kafaɗa. Wari ya fito, na fumfuna da kashin ƙadangare. Aka fito da kaya ɗaya bayan ɗaya: riguna, huluna, wuƙaƙe, waya, takalman da suka yi fari da fumfuna. Fuskokin da ke rataye, fentinsu ya kumbura yana ɓarewa.

"Na'urar a bar ta a inda take," in ji Baffa. "Na yi magana da wani a Onitsha, can kasuwar Head Bridge yake. Jibi zai zo ya ɗauka. In an cire wa Dije da Nazifa nasu, sai a sayi karsana da sauran, a aika gida a yi wa yaro kiwo. Kafin ya girma ta zama garke."

Malam ya ce hakan ya yi.

"Malam," in ji Musaddiq. Kowa ya juyo, domin tun da aka zauna bai ce komai ba. "A bar ni in ƙarasa wancan."

"Wanne?"

Ya nuna. Malam ya tashi ya leƙa.

"Hular kwano ce?"

"Kusan haka."

"In an gama ta, ta fi yadda take yanzu daraja?"

"Yanzu ba ta da daraja. Rabi ce."

Malam ya shafa gemu. Ya ce abin da zai ƙara wa dukiyar maraya, ba a hana shi. Ya ce amma Musaddiq ya sani, in ya gama ma ba tasa ba ce, za a sayar kamar sauran.

"Na sani."

"To me za ka samu?" in ji Baffa.

Musaddiq ya mai da idonsa kan kwalkwalin. Baffa ya dube shi, ya kawar da kai.

"Man janareta daga aljihunka. Kuma kar ka lalata wa mutumin na'ura."

Washegari Musaddiq bai je mayanka ba. Ya share ɗakin, ban da teburin. Ya goge sandunan firintar da tsumma, ya ɗiga musu mai, yana kaffa-kaffa kar gwiwar hannunsa ta taɓa farantin. A gefe ya tarar da fitilun idon, yadda ya bar su, an riga an liƙa su a jere. Batirin ya yi amai, farin gari ya ci bakin waya. Ya kankare, ya sa sabo, ya danna makunni. Jan haske ya kama. Ya kashe ya ajiye.

Ya ja igiyar janareta. Ya dawo ya kunna firintar. Allon ya yi haske, ya tambaya ko a ci gaba daga inda aka tsaya.

Ya taɓa zaren, ya karye a hannunsa kamar busasshiyar taliya. Ya warware naɗin, yana jawowa yana karyewa, har ya kai ciki inda ya ɗan yi laushi. Ya zura. Ya jira faranti ya yi zafi, baki ya yi zafi. Ya danna.

Bakin ya sauko a hankali, ya sami girar daidai inda ya bar ta. Ya fara zagaye.

Musaddiq ya zauna a kan bokiti.

Sautin ba irin na da ba ne. Da firintar waƙa take yi, siririya. Yanzu tana tas-tas kamar an yayyafa ruwa a mai mai zafi, ɗan tururi na fita daga bakin. Zaren ya sha damina guda. Layin da take zubawa duk kumfa ne, da ramuka, ba ya kama na ƙasa sosai. Ya rage gudu. Ya ƙara zafi. Ya sa yatsa yana taya zaren shiga. Goshi ya fara tashi, kauri kamar faɗin yatsa, ruwan toka-toka a kan farin, mai kaushi kamar soso.

Aka kira azahar. Ya yi sallarsa a ɗakin, kusa da tebur, da ya sallame ya koma kan bokiti.

Wani gudan roba ya taru a gefen hagu. Ya gan shi. Ya miƙa hannu da ɗan hantsaki zai cire, bakin ya riga shi zuwa. Ya yi karo da gudan. Gam ɗin da ke riƙe da kwalkwalin ya daɗe da sakewa, rashin taɓawa ne kawai ya bar shi a tsaye. Kwalkwalin ya goce, ya karkata, ya jingina da sandar gefe.

Firintar ba ta sani ba. Ta ci gaba da zagaye a iska, tana zuba zare inda kai ya kamata ya kasance. Zaren na saukowa a murɗe, yana taruwa a cikin kwalkwalin da kan faranti. Musaddiq ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Yana kallo.

"Salamu alaikum. Ƙanina, Inna ta ce abincinka na hucewa."

Nazifa ce a bakin ƙofa, jaririn a kafaɗa. Tun rasuwar ba su yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ta leƙo, ta ga tulin zaren.

"Af. Ta yi taliyar?"

Ya ɗago. "Kin san shi?"

"Ni kuwa? Wannan ai na uku ne. Na farko kana gidan su Gimba kallon ƙwallo. Na biyu kuma ya ce kar in gaya maka, wai za ka raina shi."

"Wannan ɗin dai? Wannan kwalkwalin?"

"Shi fa. Kullum a goshi yake faɗuwa. Na ce masa kan ne ya yi girma, na'ura ma ta gaji." Ta gyara yaron. "Na farkon ya jefa a kwata don haushi. Na biyun yana kicin, albasa nake zubawa."

"Albasa."

"Yana shan iska ta idon, ba ta ruɓewa." Ta rage murya. "Kar ka gaya wa Baffa, yanzu sai ya ce a fito da shi a yi masa kuɗi."

Wani sauti ya fita daga hancin Musaddiq, gajere. Bai san ko dariya ba ce. Nazifa ma ta yi, sannan ta sa bakin mayafi ta danne idonta, ta daɗe a haka. Firintar na ta zagaye.

"Da kwalkwalin ya faɗi, me Yaya ya yi?" in ji shi.

"Me zai yi? Ya yi zage-zage, ya ci tuwo, ya sake kunnawa."

Musaddiq ya dubi naɗin. Saura kaɗan, shi ma duk a jiƙe. Gobe mutumin Onitsha zai zo.

"Ki ce wa Inna ina zuwa."

Ta tafi. Ya danna makunni, bakin ya tsaya. Ya fita ya kashe janareta, lungun ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo. Ya dawo ya ɗaga kwalkwalin. Ba shi da nauyi. Ya zazzage zaren da ke ciki, ya ɓare goshin da ya buga yau, ya fita da sauƙi kamar ɓawon rogo. Ya kai shi tsakar gida ya ajiye a kan tabarma, cikin kayan da za a sayar, ya ɗora fitilun idon a gefensa.

Sannan ya koma ya kankare farantin tas, ya naɗe wayoyi, ya jawo kwalin firintar daga ƙarƙashin tebur. Gindin kwalin ya jiƙe. Ya fita neman wani.